Nasiha Ga Masu Haɗa Ƙananan Jiragen Yaƙi Kan Zaɓen Tankin Mai

Wannan magana tawa gare ku take, ya ku 'ya'yana, waɗanda Allah ya sanya wa sha'awar haɗa ƙananan jiragen yaƙi, irin waɗanda ke zuwa gutsure-gutsure na roba a cikin kwali, mutum ya zauna da gam da 'yar wuƙa da fenti, kwana da kwanaki, har ya tayar da jirgin da za a ɗora a tafin hannu, amma wanda ya san na gasken in ya gan shi ya shaida shi. Ina ganin girman wannan sana'a, domin tana koya wa hannu natsuwa, tana koya wa ido auna abu bisa miƙdarinsa, ga shi kuma abin da ake surantawa ba mai rai ba ne, balle a faɗa cikin saɓanin malamai game da taswira. Sai dai akwai mas'ala guda wadda na lura da yawanku na wuce ta a guje, alhali kuwa ta cancanci a zauna mata, ita ce mas'alar tankunan mai da ake ratayawa a ƙarƙashin fukafukan jirgi ko a ƙarƙashin cikinsa. Za ka ga yaro ya ƙarar da mako biyu a kan kujerar matuƙi da agogunan da ke gabansa, waɗanda in an rufe gilashi da ƙyar ake hango su, sa'an nan ranar gamawa, gajiya ta kama shi, ɗoki ya ɗebe shi, ya kwashi duk tankin da ya tarar a kwali ya manna, ba tare da ya tambayi kansa ko jirgin nan ya taɓa ɗaukar irinsa ba. Alhali tankin, saboda girmansa da wurin da yake, yana cikin abubuwan farko da idon mai kallo ke sauka a kansu.

Kafin mutum ya iya zaɓe, wajibi ne ya san dalilin da ya sa aka yi abin tun asali. Jirgin faɗa, wato ƙaramin jirgin da aka ƙera don ya tari wani jirgi a sama ya kayar da shi, ana son sa da sauƙin jiki da kaifin gudu, saboda haka maƙeransa kan ƙuntata masa ciki, man da zai ɗauka ya zama kaɗan. To, idan tafiya ta yi nisa, sai a rataya masa ƙari daga waje, ya fara shan na wajen, in ya ƙare ko abokan gaba suka bayyana ya saki tankin ya faɗi, ya shiga faɗa da jiki sakayau, man cikinsa kuma bai taɓu ba. Misalinsa misalin salkar da madugun ayarin gishiri ke ɗaura wa raƙumi ne: wanda zai ratsa Tenere zuwa Bilma ba ya ɗaura irin ta wanda zai je ƙauyen da ke bayan tudu, kuma mai hankali in ya dubi salkunan ayari ya san nisan da suka nufa ko ba su gaya masa ba. Tanki shi ke bayyana niyyar tafiyar jirgi. Kuma ba a banza ake ɗaukarsa ba, yana da kuɗinsa: litar man jirgin jet nauyinta ya kai kimanin giram 800, saboda haka tanki mai lita 1,400 ya haura tan guda, ban da nauyin ƙarfensa, ban da kuma turjiyar da yake yi wa iska, wadda matuƙa kan ƙiyasta cewa tana cinye kusan rabin man da ke cikinsa wajen ɗaukar kansa kaɗai. Don haka babu rundunar da ke rataya tanki saboda ado, kowanne ka gani akwai lalurar da ta kawo shi.

Tarihi ya ba da shaida a kan wannan da rayukan mutane. Cikin watannin Agusta da Satumba na 1940, sa'ad da Jamus ta far wa Ingila ta sama, jirginta na faɗa, Messerschmitt 109, in ya tsallake ruwa ya isa Landan, abin da ya rage masa bai wuce man faɗan minti goma ba, tilas ya juya ya bar jiragen bom ɗin da yake wa rakiya a hannun abokan gaba. Samfurin da aka tanadar wa tanki mai lita 300, wanda ake kira E-7, bai yawaita ba sai da yaƙin ya riga ya karkata. Bayan shekara uku irin wannan musiba ta faɗa wa Amurka: ran 14 ga Oktoba 1943 ta aika da jiragen bom 291 zuwa garin Schweinfurt, masu rakiyarsu suka juya tun daga bakin iyakar Jamus saboda ƙarancin mai, 60 daga cikin jiragen ba su komo ba, kowanne da mutum goma a cikinsa. Abin da ya sauya al'amarin shi ne jirgin Mustang da tankuna biyu a fukafukansa, wanda zuwa watan Maris 1944 yana raka su har Balin ya komo. To, ku yi nazari: wanda ya haɗa 109 na watan Agusta 1940, sa'an nan ya rataya masa tanki don ya ga kwali ya kawo, ya ba jirgin ainihin abin da rashinsa ya daƙile shi a wancan yaƙi, ya shafe labarinsa da hannunsa bai sani ba.

Bari in daɗe kaɗan a kan Mustang ɗin nan, domin da shi da yawanku kan fara, kuma a jikinsa mas'alar ta fi fitowa fili. Tankinsa na farko na ƙarfe ne, mai galan 75, mai ƙaton kai da siririyar wutsiya, an haɗa shi rabi biyu, na sama da na ƙasa, da leɓe mai zagaye shi a mahaɗar. Daga baya cikin 1944 jiragen Amurka da ke tashi daga Ingila suka koma wa wani mai galan 108, wanda da takarda aka yi shi: takarda mai kauri da aka jiƙa da gam aka matse ta hawa-hawa, aka yi ta gida uku, kai da ciki da wutsiya, aka shafe ta da fenti mai ruwan azurfa. Hikimar hakan biyu ce, a yi tsimin ƙarfe, a kuma hana Jamusawa tsintar alminiyon da ake zubar musu daga sama kullum. Amma man kan fara cin takardar bayan 'yan sa'o'i, shi ya sa ba a cika tankin sai dab da tashi, kuma jirgin da aka fasa tafiyarsa bayan ya tashi sai ya yar da shi kafin ya sauka, don ba a amince masa ya jure dirar ƙasa da mai a cikinsa ba. A can gabas kuwa, jiragen Mustang da suka riƙa tashi daga tsibirin Iwo Jima zuwa Japan tun daga Afrilu 1945, tafiyar kimanin kilomita 1,200 zuwa, wata 1,200 komowa, a bisa teku tsantsa, tankinsu na ƙarfe ne mai galan 110, ana tokare shi da 'yan katako don kada ya yi lilo, wani lokaci kuma mai galan 165 in an ƙara musu nauyin rokoki.

Ga hukuncin da ke fita daga wannan. Jirgi ɗaya ne, tankuna huɗu, kowanne da ƙasarsa da lokacinsa, kuma kwalaye da yawa kan kawo biyu daga cikinsu su bar maka zaɓi. Idan tambarin da ka ɗauka na rundunar da ke zaune a Ingila ne a ƙarshen 1944, tankin takarda ya dace da kai. Amma kada ka yi masa tsatsa, kada ka yi masa ƙujewar fenti mai nuna ƙarfe a ƙasa, kada ka tsufar da shi ta kowace fuska, domin bai taɓa kwana da mai a jikin jirgi ba, sabo yake hawa, a ranar kuma yake ƙarewa. Na sha ganin samfuri mai kyau wanda mai shi ya zuba gwaninta wajen ɓata tankin takarda da alamun shekaru, abin ya sosa mini rai, don gwanintar ta gaske ce, ilimin ne ya yi ƙaranci. Idan kuwa jirginka na Iwo Jima ne, takarda ba ta shiga lissafi ba sam. Sa'an nan a dukkansu akwai 'yan bututu biyu da ke fitowa daga tanki su shiga fiffike, ɗaya na jan mai, ɗaya na tura iska a matso man, waɗanda sau da yawa ba a samun su a kwali. Guntun siririyar waya da aka lanƙwasa ya wadatar, kuma ban san wani ƙari da ya kai shi arha da fa'ida ba.

A nan ya kamata in faɗakar da ku game da galan, domin ba ɗaya ba ne. Galan na Amurka lita 3.8 ne, na Ingila kuwa ya ɗan haura lita 4.5, har ya zama tankin takarda mai galan 108 da muka ambata da tankin Spitfire mai galan 90 abin da suke ɗauka ɗaya ne, lita 409, ko da yake surarsu ba ta haɗu ko kaɗan ba: na Spitfire manne shi ake yi da cikin jirgin ya zama kamar wani sashe na jikinsa, kuma da shi aka kai jiragen nan tsibirin Malta a watan Maris 1942, suna tashi daga kan jirgin ruwan yaƙi mai suna Eagle. Shawarata ita ce kowane adadi kuka karanta ku mayar da shi lita ku rubuta a littafinku, sai ruɗanin ya kau.

Da aka shigo zamanin jet, wanda ke shan mai fiye da na farfela nesa ba kusa ba, tanki ya zama abokin tafiya na kullum, maratayai kuma suka yawaita a ƙarƙashin fukafukai, kuma daga nan ne kuskuren da ya fi kowanne muni ke shigowa, wato zaton cewa kowane maratayi na iya ɗaukar tanki. Ba haka ba ne. Maratayin tanki sai wanda aka ja wa bututun mai ta cikin fiffike. Jirgin F-16 yana da wurare tara na rataya kaya, amma uku kaɗai ke shan mai: na 4 da na 6, waɗanda suka fi kusa da gangar jiki, masu ɗaukar galan 370 kowanne, da na 5 a tsakiyar ciki mai ɗaukar galan 300. A jikin jirgin Phantom na Amurka kuwa akasin haka ne, tankunan galan 370 a maratayan waje suke, na cikin an bar wa makamai, ga kuma babba mai galan 600 a tsakiya. Wanda ya yi wa Phantom ƙiyasi da F-16 ya sa tanki a inda babu bututu, ya rataya wa jirginsa nauyin da ba zai iya sha ba, kuma ƙiyasi a irin wannan wuri ɓatacce ne, domin kowane jirgi da nassinsa.

Ko a jirgi ɗaya ma, al'adar masu shi ta bambanta. Phantom na sojan ruwan Amurka, mai tashi daga kan jirgin ruwa, a zamaninsa galibi da tankin tsakiya kaɗai ake ganinsa, na sojan sama kuwa ya saba da na fukafukai biyu, sau da yawa har da na tsakiyan. Cikin shekarun 1980 kuma aka sauya wa na sojan saman tankin tsakiya da irin na F-15, wanda ya fi jure gudu da juyi, saboda haka Phantom na yaƙin Biyetnam da na ƙarshen zamaninsa ba tanki ɗaya suke ɗauka a ciki ba, ko da yake adadin galan ɗin ya yi kusa. Hornet na farko tankinsa galan 330 ne, ƙanensa Super Hornet, wanda ya fi shi girman jiki, galan 480, kuma ba a musanya su don sunan ya yi kama. Akwai F-16 na ƙasashe irin su Girka da Poland da Maroko da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, waɗanda aka ɗora wa tankuna biyu a kafaɗa, manne da bayan jirgin, ba a yar da su a sama. F-16 na shekarun 1980 bai san su ba. Lightning na Ingila a bisa fukafukai ya ɗauki nasa, don ƙafafunsa sun cinye wurin da ke ƙasa. Su-27 na Rasha kuwa, wanda cikinsa ke ɗaukar mai fiye da tan tara, an ƙera shi ne ba tare da tankin yarwa ba, kuma adalcin da za ka yi masa shi ne ka bar shi haka, kome yawan tankunan da ke cikin gwangwanin ajiyarka.

Bayan ka san jirgin, ka san masu shi, ka san shekarar, saura tambayar da na fi so ku riƙe, ita ce: ina za shi a ranar da kake surantawa? Domin samfuri ba ya wakiltar jinsin jirgi gaba ɗaya, jirgi guda yake nunawa a yini guda. Faransawa sun yi wa Mirage III siraran tankuna masu lita 500 waɗanda zai iya wuce gudun sauti da su, don ranar da aikinsa tare maƙiyi ne a kusa da gida, suka kuma yi masa masu lita 1,300 da 1,700 don ranar tafiya mai nisa. In ka ɗora masa manyan nan tare da makaman tare jirgi kaɗai, ka haɗa niyya biyu a tafiya guda. Tornado na Ingila ya saba da tanki mai lita 1,500, amma a yaƙin Tekun Fasha na 1991 an ga da yawansu da manya masu lita 2,250. Mutanen Yamai da na Njamena sun ga irin wannan da idonsu a shekarun da Faransa ta girke jiragenta a can: Mirage 2000 ba ya tashi sintiri a kan Sahel sai da ƙattin tankuna biyu masu lita 2,000, domin faɗin ƙasar ya wuce abin da cikinsa zai ɗauka. Wanda ya haɗa jirgin wancan aiki da fukafukai tsirara ya manta da girman hamada.

Na san a cikinku akwai masu burin haɗa jirgi da tambarin Nijeriya, kore da fari, kuma buri ne mai kyau. MiG-21, wanda rundunar sojan saman Nijeriya ta samu daga Tarayyar Sobiyet a tsakiyar shekarun 1970, tankuna iri biyu aka san jinsinsa da su, siriri mai lita 490 da mai kauri mai lita 800. Na 800 a tsakiyar ciki kaɗai yake zama. Na 490 yana zama a ciki, yana kuma zama a maratayan waje na fukafukai a samfurin MF da waɗanda suka biyo bayansa, masu maratayi huɗu, alhali na farkon zamani masu maratayi biyu ba su da wannan. Abin da jirgi zai iya ɗauka ke nan. Abin da ya ɗauka a haƙiƙa a hannun wata runduna kuwa mas'ala ce ta dabam, wadda hoto ne kaɗai ke yanke ta, kuma haka hukuncin yake ga Alpha Jet da F-7 da JF-17.

Tun da magana ta kawo mu ga hoto, to, ku sani hujjoji hawa-hawa ne, kuma ɗalibin da ya zauna gaban malami ya ji yadda ake tace riwaya ba zai sha wuya a nan ba. Mafi ƙarfinsu hoton ainihin jirgin da kake haɗawa, mai lambarsa a jiki, wanda aka san ranar ɗaukarsa da wurin. Mai bi masa hoton wani jirgi na ƙungiyarsu a wannan lokaci. Daga nan sai littafin da marubucinsa ya nuna inda ya samo maganarsa. Takardar bayanin da ke cikin kwali tana da amfani wajen haɗi, amma a mas'alar kaya sau da yawa tana nuna duk abin da zai yiwu ne, domin kwali ɗaya ake sayar wa mai son jirgin wannan ƙasa da mai son na waccan. Mafi rauni kuwa zanen da ke kan murfi, don an yi shi ne ya ja ido a kanti. Ku yi hattara kuma da hotuna iri biyu masu kama da hujja: na bikin nunin jirage, inda masu sayarwa kan cika jirgi da kayan da ba ya tashi da su a aiki, da na gidan tarihi, inda akan rataya wa tsohon jirgi tankin da aka samu a kusa, a shafe shi da fentin da ke hannu. In hujjoji biyu suka yi karo, ka rinjayar da mafi kusa da ranar. In ba ka sami kome ba, ka ɗauki abin da ya fi yawa a hotunan wannan runduna, ka kuma faɗa wa mai tambaya cewa zato ne mai rinjaye, bai kai yaƙini ba.

To, in ka san tankin da kake so, ina za ka same shi? Fara da na cikin kwali, ka auna shi. Lissafin ba wuya: tankin da tsawonsa mita biyar ne, a ma'aunin 1/72 zai zama kusan santimita bakwai, a 1/48 kuma goma da 'yan kai. In ya yi daidai, ko ya kauce da abin da ido ba ya kamawa, ka yi ƙana'a da shi. In bai kawo irin da kake nema ba, duba ragowar kwalayen da ka haɗa a baya, ka tambayi abokan sana'arka, domin kusan kowane kwali na barin tanki ɗaya ko biyu, kuma wanda ya saba ajiye su da rubutun sunansu da ma'auninsu ba ya rasa abin musanya. Sai dai kada ka ɗauki babban tanki na 1/72 ka ce ya zama ƙarami na 1/48. Tsawon na iya dacewa, amma murfin zuba mai da 'yan fukafukan wutsiya za su tona asiri. Akwai kamfanoni, irin su Eduard da Quickboost na ƙasar Cek da ResKit na Yukren, masu zuba kayan ƙari da rezin, kuma tankin rezin na da falala ta gaske, don a dunƙule yake zuwa, babu mahaɗar da za a goge, zanen jikinsa kuma ya fi kaifi. Amma in ka haɗa kuɗinsa da na aikowa daga ƙetare, yakan kusanci kuɗin jirgin kansa, kuma ba na son ɗalibi ya taɓa kuɗin littafi ko na abinci saboda shi. Wannan israfi ne, ko da abin halal ne a kansa. Hannun da ya taɓa fafe karan dawa ya yi mota yana yaro zai iya sassaƙa tanki daga guntun katako mai laushi ko gangar biro, ya toshe ramukan da foti, ya goge, ya yanko fukafukan wutsiya daga siririyar roba, kuma ni a wurina wannan ya fi daraja. Wanda ya sayi rezin kuwa ya sani gam ɗin roba ba ya kama shi, sai sufa gulu, kuma ƙurarsa na cutar da huhu, saboda haka a jiƙe ake goge shi, cikin ruwa, ba a busasshe ba.

Aikin hannu a kan tanki kusan dukkansa a mahaɗa yake. Rabi biyu ne ake haɗawa, layin haɗin kuma ya bi tsawonsa daga kai har wutsiya, a wurin da haske ke faɗawa. Ka haɗa su, ka zuba gam mai ruwa ya bi layin, ka matsa har narkakkiyar roba ta ɗan tsattsafo, sa'an nan ka ajiye shi yini guda cur kada ka taɓa, domin wanda ya goge da wuri layin kan nutse bayan an yi fenti ya dawo masa. Wajen guga kada ka kwantar da shi a kan samfefa, za ka yi masa gefe mai faɗi, tanki kuwa da'irarsa ita ce kyansa. Ka yanko siririn ƙyallen samfefa ka naɗa a jikinsa, ka riƙa ja hagu da dama kana juya shi. Amma kafin ka goge, koma ga hoto, don wani tankin, irin na Mustang mai galan 75, leɓensa na gaske ne, wanda ya shafe shi ya shafe gaskiya. In ka gama, shafa masa fenti mai ruwan azurfa siriri ka duba a rana, babu aibin da ke ɓuya a ƙarƙashinsa.

Wajen fenti, ku tuna tankin jet ya saɓa wa na takarda ta kowace fuska, domin a lokacin zaman lafiya ba a cika yar da shi ba, yakan yi shekaru yana yawo daga wannan jirgi zuwa wancan, ana sauke shi, ana jan sa, ana jingine shi a rumfa. Saboda haka launinsa kan saɓa wa na jirgin da ke ɗauke da shi, har na dama ya saɓa wa na hagu, ga ƙujewa a kai, ga zirin mai da iska ta ja baya daga bakin murfi. Tankunan MiG-21 galibi farin alminiyon ne ko da jirgin na da fentin ɓad-da-kama. Na fukafukan Phantom a Biyetnam kore ne a sama, toka-toka mai haske a ƙasa. In lokacin hunturu ne, kife kwali a kan abin da ka fenta har ya bushe, don ƙurar da ke yawo ba ta barin ɗanyen fenti.

Ratayawa ita ce ta ƙarshe, bayan an gama fenti da tambura. Gam kaɗai ba ya riƙe tanki a kan siririn maratayi, musamman na rezin. Huda rami a tanki da maratayin, ka sa guntun waya a tsakani. Wanda ke son ya riƙa sauya kaya yana iya binne ƙananan maganaɗisu masu faɗin milimita biyu, muddin ya tabbatar da fuskar da ke ja kafin ya manne su. Sa'an nan ka sa jirgin a kan tebur, ka sunkuya ka dube shi ta gaba daidai hancinsa, ka gwada da hoton da aka ɗauka ta gaba, tun gam bai kama ba: tankunan biyu su yi tsayi ɗaya, su fuskanci inda na gaske ke fuskanta. A nan ma kada ka gyara abin da ba karkatacce ba, domin maratayan fukafukan Super Hornet da gangan aka ɗan buɗe kawunansu waje, don kayan da aka saki su rabu da jirgi lafiya. Idan kuma jirgin da ya komo daga faɗa kake son nunawa, wanda ya riga ya zubar da tankunansa, sai ka san abin da ke raguwa: a jikin Mustang maratayin na nan da guntayen bututunsa, amma a F-16 da Phantom tankin fiffike tare da maratayinsa yake faɗuwa, saboda haka wurin fayau za ka bar shi, ka toshe ramukan da kwali ya tanada, ka goge, ka fenta.